Ɗan littafin masu fassara labarai: kundin aiki, Janairu zuwa Fabrairu 2025

Asabar, 4 ga Janairu

Yau na fara aikin ɗan littafin nan. Na masu fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa ne, musamman yaran da ake kawo mana ɗakin labarai su koyi aiki. Abu ɗaya tak zai ɗauka: yadda Turanci ke faɗin abin da aka yi fata ko aka yi tsammani a baya, a labaran siyasa da na tattalin arziki. A nan ne fassara ta fi karkacewa ba tare da kowa ya ankara ba. Idan yaro ya kasa wata kalma, edita zai gani ya gyara masa. Amma idan jimla ta ce an so a yi abu bai yiwu ba, shi kuma ya rubuta "ana sa ran za a yi", Hausar ta fita sumul, ba wanda zai tsayar da shi, mai sauraro kuma ya fita kasuwa yana yaɗa labarin da ya riga ya mutu.

Tsarin aikin: in tara jimloli, in kasa su gida-gida, in rubuta bayani, in gwada a kan masu koyo, in buga kafin azumi. Kwafi kaɗan, na rabawa a hannu.

Abin da na kashe: littafin rubutu mai kauri guda biyu, naira 2,400. Kwali fari da zan yanka kati-kati, naira 1,500. Data, naira 3,500.

Talata, 7 ga Janairu

Na samu inda zan haƙa, wato rikicin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Shekara uku da rabi ana fama, an sha sa rana ana ɗagawa, don haka kusan duk salon da nake nema yana ciki.

An yi ƙuri'ar raba gardama ranar 23 ga Yuni 2016, masu son fita suka ci da kusan kashi 52 cikin 100. Firaminista David Cameron, wanda ya kira ƙuri'ar kuma ya yi kamfen a zauna, washegari ya ce zai sauka. Theresa May, wadda ta gaje shi, ta miƙa takardar fita ranar 29 ga Maris 2017, aka tsayar da 29 ga Maris 2019 a matsayin ranar rabuwa. Majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar fitar da May ta ƙulla da Tarayyar har sau uku. Aka ɗaga zuwa 12 ga Afrilu, aka sake ɗagawa zuwa 31 ga Oktoba. Boris Johnson ya gaji May ya ce ko ana ha-maza-ha-mata za a fita a ranar, ita ma ta wuce. Sai 31 ga Janairu 2020 aka fita.

Na yanke shawarar ba zan kwafi jimlolin jaridu ba. Sun yi tsawo, kuma haƙƙin masu su ne. Zan duba yadda suke amfani da salon, sannan in gina gajerun jimloli nawa a kan abubuwan da suka faru da gaske. Katunan farko:

Britain was due to leave on 29 March 2019. Wannan maganar jadawali ce kawai, rana ce aka sa. Hausarta: an tsara Birtaniya za ta fita ranar kaza.

Britain was supposed to leave on 29 March 2019. Rana ɗaya, labari ɗaya, amma mai rubutun ya ɗan yamutsa fuska. Akwai ƙorafi a ciki, akwai alamar an saɓa alkawari. Hausarta: ya kamata a ce ta fita tun ranar kaza.

May had hoped to win the vote. Da ka ga had a gaban hoped, ka san buri bai cika ba. Ta so ta ci ƙuri'ar, hakan bai samu ba.

Bambancin na farko da na biyu shi zan fi matsa wa yara a kai. Idan takarda ta ce was due to, kai kuma ka ce "ya kamata a ce", ka saka ra'ayinka a bakin kamfanin labarai, kuma a labarin siyasa wannan ya isa a kira manajanku a waya.

Alhamis, 9 ga Janairu

Yankan kati da rubutu. Ba sabon abu.

Asabar, 11 ga Janairu

Na kasa katunan gida uku: abin da ya faru, abin da bai faru ba, da wanda jimlar ba ta nuna ba.

Gidan "bai faru ba" ya fi saurin cika. Mafi ƙarfi a cikinsa shi ne was to have. Misalin da na ɗauka: shugaban Amurka John Kennedy yana kan hanyar zuwa liyafar rana a birnin Dalas, inda zai yi jawabi, aka harbe shi ranar 22 ga Nuwamba 1963. Kennedy was to have addressed a lunch in Dallas. Wannan salo ba ya barin ƙofar shakka. Jawabin bai yiwu ba. Sai was about to da was on the verge of, na abin da ya rage ƙiris. Sai was going to, wanda ya fi zama a bakin mutane lokacin hira fiye da rubutun labari, kuma yawanci "amma" na biye da shi.

Gidan "ya faru" ƙarami ne amma shi ne mai haɗari. Masu rubuta tarihi suna da wata dabara: su tsaya a wata shekara ta baya, su leƙa gaba su gaya maka abin da su sun riga sun sani. An saki Nelson Mandela daga kurkuku ranar 11 ga Fabrairu 1990, ya hau mulkin Afirka ta Kudu a watan Mayu 1994. Marubuci zai ce: Four years later he would become president. Ko ya ce he was to become president. Babu fata a nan, babu tsammani, babu sharaɗi. Ya zama shugaban ƙasa, magana ta ƙare. Hausa ba ta buƙatar wannan zagaye: bayan shekara huɗu ya zama shugaban ƙasa.

To ga was to become, ya faru. Ga was to have become, bai faru ba. Kalma ɗaya ce tsakaninsu, kuma ita ce wadda ido ke tsallakewa idan saura minti goma a shiga labarai.

Talata, 14 ga Janairu

Babu wuta a unguwarmu tun shekaranjiya. Na kai kwamfuta wurin mai caji, naira 500. Na rubuta gabatarwa da hannu a ƙarƙashin fitilar waya.

Asabar, 18 ga Janairu

Tsarin gida ukun nan ya rushe, kuma was expected to ne ya rusa shi.

Na sa shi a gidan "bai faru ba" saboda misalan da na fara da su. A zaɓen Amurka na 2016 kusan duk hasashe ya ba Hillary Clinton nasara, Donald Trump ya ci. A 1948 ma an ɗauka shugaba Harry Truman zai faɗi amma ya ci, har wata jaridar Chicago ta buga babban kanu cewa Thomas Dewey ya kayar da shi, Truman ya ɗaga jaridar yana dariya aka ɗauke shi hoto. A irin waɗannan, Clinton was widely expected to win na nufin kowa ya ɗauka ita za ta ci.

Sai na koma kan labaran da kamfanonin dillancin labarai ke turowa kullum, na ga wani abu dabam. Al'adarsu ce su rubuta labarin yau da aikatau na lokacin da ya shuɗe. Don haka sai ka ga labarin safiyar Litinin yana cewa the minister was expected to speak later on Monday. Ministan bai ma karya kumallo ba. Tsammanin yana nan da ransa, kuma fassarar da ta dace ita ce ainihin wadda na fara aikin nan don in hana: ana sa ran zai yi magana nan gaba a yau. Haka was due to da was set to, duk suna iya zama rayayyu a irin wannan rubutu.

Da la'asar na je gaida wani dattijo da ya yi fassara a rediyo tun zamanin da labarai ke fitowa a doguwar takarda daga na'ura. Na baza masa katunan a kan tabarma. Ya ɗauki na ministan, ya kai shi kusa da ido, ya juya bayansa.

"Ina kwanan watan?"

Na ce, "Baba, ai misali ne kawai."

"To, ɗana, misalinka ba shi da kai. Mu da aka koya mana, kafin ka taɓa aikatau sai ka duba ranar da ke saman takarda, sannan ka duba agogon bango. In lokacin da aka ambata bai yi ba, ana sa rai. In ya wuce, ka nemo abin da ya faru kafin ka rubuta komai."

Ya kuma nuna mini cewa inda marubuci yake so ya tabbatar maka abin ya sha ruwa, ƙara had been yake yi: had been expected to, had been due to. Wannan ba ya rikiɗa.

Saboda haka kowane kati sai an ƙara masa layi biyu: ranar da aka rubuta jimlar, da ranar da jimlar ke magana a kai. Kusan rabin katunan sai an sake su. Kwali, naira 1,500. Kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, naira 1,200. Goro da lemo na gaisuwa, naira 2,000.

Litinin, 20 ga Janairu

Labaran kwana biyun nan sun kawo misalai da kansu. Jiya aka fara tsagaita wuta a Gaza. An sa ƙarfe takwas da rabi na safe agogonsu, aka yi jinkirin kusan awa uku. Labarin da aka rubuta da asuba da wanda aka rubuta da hantsi, bambancinsu was due to da had been due to. Yau kuma aka rantsar da Trump a cikin zauren ginin majalisa saboda tsananin sanyi, alhali a fili aka shirya yi. Rabon da a yi haka tun rantsar da Ronald Reagan karo na biyu a 1985.

A nan wata matsalar ta ɓullo, ta Hausar kanta. Wani yaro ya rubuta "da za a yi bikin a waje". A baki daidai ne, in ka ja wasalin. A takarda kuwa, da yake ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, mai karanta labarai ya karanta shi kamar "lokacin da za a yi bikin a waje", ya tsaya yana jiran sauran jimlar da babu ita. A littafin zan ba da shawarar a guji fara jimla da wannan "da" ɗin a rubutun da wani zai karanta kai tsaye. A ce "tun farko an shirya yin bikin a waje", ko "a da an tsara".

Asabar, 25 ga Janairu

Sake rubuta katuna. Na gama na siyasa.

Talata, 28 ga Janairu

Na so in cika babin would da misalai daga jaridunmu na gida, don yara su ga sunayen da suka sani. Bai yiwu yadda na so ba. A Turancin Ingila da Amurka, would a cikin labari yawanci amon will ne a maganar da aka ruwaito: minista ya ce will, ɗan jarida ya rubuta he said prices would fall. Ba ya nuna ko farashin ya sauka ko bai sauka ba. A Turancin Najeriya kuwa ana yawan sa would a gurbin will kai tsaye, ba tare da ruwayar kowa ba, kamar don ladabi ko don jimla ta yi nauyi. Sai ka ga sanarwa irin the governor would commission the road tomorrow. Bature zai karanta ya tsaya yana jiran sharaɗi: zai buɗe hanyar in me ya faru? Mu kuwa mun san gobe za a yanke kyalle ne kawai.

Ba zan kira wannan kuskure a littafin ba, don haka mutane miliyoyi ke rubutawa kuma suna fahimtar juna. Zan ba shi shafi guda mai gargaɗi: ka san daga ina takardar ta fito kafin ka auna would ɗinta.

Amma a kan was supposed to da was scheduled for, gida ya wadatar da ni. Zaɓen shugaban ƙasa na 2015 an sa shi 14 ga Fabrairu, aka mayar 28 ga Maris. Na 2019 an sa 16 ga Fabrairu, aka ɗaga shi da tsakar dare ana saura awanni a buɗe rumfuna, zuwa 23 ga wata. Shirin Vision 20:2020 ya yi burin Najeriya ta shiga cikin ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki kafin 2020. Kuɗin bai-ɗaya na Afirka ta Yamma, Eco, an sha sa masa shekara ana ɗagawa, har da 2020, yanzu ana maganar 2027. Ba sai na yi wa kowa bayanin sautin was supposed to a kan waɗannan ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na shiga babin tattalin arziki. Data, naira 3,500.

A nan expected ta daina zama abin da ke cikin zuciya, ta zama lamba. Kafin a fitar da alƙaluman hauhawar farashi ko na rashin aikin yi a Amurka ko Ingila, kamfanonin labarai sukan tambayi masana hasashensu, su fitar da matsakaici. Da wannan matsakaicin ake auna labarin. Shi ya sa kamfani zai ci riba fiye da ta bara amma hannun jarinsa ya faɗi, don ribar fell short of expectations. Shi ya sa kuma hauhawar farashi za ta ragu amma a kira shi mummunan labari, in ta fito higher than expected. Yaran kan rubuta "fiye da yadda ake fata", alhali ba wanda ke fatan tsada. Hasashe ne. "Fiye da yadda masana suka yi hasashe."

A teburin da nake haɗawa na raba su haka: hope fata ne ko buri, kana so amma ba ka da tabbas. Expect tsammani ne ko zato, ko kana so ko ba ka so. Forecast hasashe ne mai lamba. "Sa rai" na tsakiya, ya ɗan karkata wajen alheri, don haka ba na son jin "ana sa ran farashin abinci zai tashi".

Talata, 4 ga Fabrairu

Harajin kashi 25 cikin 100 da Trump ya sa wa kayan Kanada da Meziko yau aka ce zai fara aiki. Jiya aka dakatar da shi na kwana 30. Duk wanda ya fassara labarin ranar Lahadi ya ajiye don safiyar yau, ya karanta wa jama'a abin da babu shi. Kati guda, kuma na sa shi a shafin farko na babin.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar Alhamis Babban Bankin Ingila ya rage kuɗin ruwa daga kashi 4.75 zuwa 4.5, ya kuma zaftare hasashensa na bunƙasar tattalin arzikin bana daga kashi 1.5 zuwa 0.75. Labari ɗaya, salo biyu: ragin kuɗin ruwan as expected ne, kowa ya san za a yi, shi kuma hasashen ya zama had previously forecast. Yara suna bukatar ganin cewa as expected na nufin tsammani ya tabbata, ba kullum labarin ke ƙarewa da akasi ba.

Na rubuta dogon shafi a kan gwamnatin Liz Truss ta Birtaniya, don ban san wani labari da ya tara waɗannan salon a ɗan ƙanƙanin lokaci kamarsa ba. Ranar 23 ga Satumba 2022 ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng ya sanar da ragin haraji na kusan fam biliyan 45, ba tare da nuna inda za a cike giɓin ba. An ce don a zaburar da tattalin arziki ne. Cikin kwana uku fam ya faɗi ƙasa da duk yadda ya taɓa faɗuwa a kan dala, kuɗin ruwan bashin gwamnati ya yi sama, sai da Babban Banki ya shiga sayen takardun bashi don kada asusun fansho su durƙushe. An kori Kwarteng ranar 14 ga Oktoba, ita kuma ta sanar da murabus ranar 20. Jimlar da na gina: The tax cuts were meant to boost growth. Kusa da ita na jera billed as, touted as, hailed as. Duk ukun suna gaya maka abin da masu shirin suka ce a kansa, marubucin kuma ya ja gefe ya naɗe hannu. In ka fassara billed as a plan for growth da "shirin bunƙasa tattalin arziki" kawai, ka zama mai tallar gwamnati ba tare da an biya ka ba. "Shirin da aka ce zai bunƙasa" ko "da aka yi ta kururutawa", gwargwadon nauyin kalmar.

Na haɗa da labarin Babban Bankin Amurka, wanda a 2021 ya yi ta cewa tsadar da ake gani mai wucewa ce. A ƙarshen Nuwamba na shekarar shugabansa Jerome Powell ya ce lokaci ya yi da za a ajiye kalmar, a watan Yuni 2022 kuma hauhawar ta kai kashi 9.1. Aikatau da ke rufe irin wannan labari su ne proved da turned out, sai failed to materialise ga alherin da aka jira bai zo ba.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: it was hoped that, it was thought that. Wa ya yi fatan? Jimlar ta haɗiye shi. 'Yan siyasa da masu magana da yawunsu suna son wannan salo bayan abu ya lalace, don buri ya zama na kowa, laifi ya zama ba na kowa ba. Mu ma muna da "an" da "aka" masu yin wannan aikin, shi ya sa fassarar ke zuwa da sauƙi. Shawarata a littafin: in sauran labarin ya nuna mai fatan, a kira sunansa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ɗan shafin tarihi. Firaministan Birtaniya Neville Chamberlain ya dawo daga birnin Munich na Jamus ranar 30 ga Satumba 1938 yana shelar an samu zaman lafiya, kafin shekara ta cika yaƙi ya ɓarke. Irving Fisher, masanin tattalin arziki na jami'ar Yale, ya ce a Oktoba 1929 farashin hannun jari ya kai wani tudu da zai dawwama a kai, a ƙarshen watan kasuwar ta ruguje. Na taƙaita su, don yaranmu ba su cika haɗuwa da irin wannan rubutu a labaran kullum ba.

Kuɗin data ya tashi a makon nan. Abin da nake saye naira 3,500 ya haura 5,000.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Gwaji da masu koyon aiki, bayan an gama labaran rana. Na ba su jimloli, kowacce da kwanan watanta a sama, na ce su rubuta Hausa sannan su sa alama: ya faru, bai faru ba, ba a sani ba tukuna.

Had hoped da was supposed to ba su ba kowa wahala ba. Was to have ma da na yi bayani sau ɗaya ya zauna. Inda aka yi ɓarin shi ne jimlar Mandela. Kusan kowa ya rubuta "zai zama shugaban ƙasa" ko "da ya zama". Wata yarinya, mai kaifin basira kuwa, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in ya riga ya zama, me ya hana su ce became su huta?" Na ce suna iyawa, kuma da yawa haka suke yi. Amma marubucin yana so ka tsaya tare da mutumin a bakin ƙofar kurkuku, lokacin da shi kansa bai san gobe ba. Ta ce to ai mu ma muna cewa "wanda daga baya ya zama". Wannan ta fi wadda na rubuta, ita zan sa.

Sun kuma koka cewa bayanin ya yi yawa, ba wanda zai buɗe shafi na ashirin ana jiransa a situdiyo. Suna son takarda ɗaya da za a manna a bango. Na amince. Tambaya uku za ta ɗauka: yaushe aka rubuta, lokacin da aka ambata ya wuce ko bai wuce ba, akwai had ko have a ciki. A ƙasa kuma tebur.

Fotokwafin takardun gwaji, naira 1,800. Ruwa da biskit, naira 2,500.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na rage shafuka daga 38 zuwa 26. Fisher ya fita, Chamberlain ya tsira da layi uku.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wahalar shagon bugu. Na kai fayil ɗin a filashi, yaron shagon ya buɗe a kwamfutarsu ya danna bugawa ba tare da ya duba ba. Duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma ƙananan akwatuna, don injinsu ba shi da irin rubutun da na yi amfani da shi. "Ƙuri'a" ta zama akwati da "uri'a". Teburin kuma ya tsinke, Turancin yana wani shafi, Hausarsa na wani. Sai da kwafi biyu suka fita na gani. Mai shagon ya ce takarda da tawada sun riga sun tafi, aka yi ta ja-in-ja, muka raba asarar biyu, na biya naira 2,600. Na koma gida na mayar da shi PDF, na duba shafi-shafi a waya, na juya teburin a kwance don ya shiga shafi ɗaya.

Farashin da ya ba ni: bugun asali naira 100 kowane shafi, fotokwafi naira 50, ɗinki da bangon roba naira 700 kowane kwafi.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Jiya aka yi zaɓe a Jamus. A watan Satumba na bana aka tsara shi, aka dawo da shi baya saboda gwamnatin haɗin gwiwa ta Olaf Scholz ta wargaje a Nuwamban bara. The election had been scheduled for September. Duk misalan da ke cikin littafin na abin da aka jinkirta ne ko aka fasa, har yaro zai iya ɗauka had been scheduled kullum "an ɗaga" yake nufi. Ga wanda aka gaggauta. Na cire ɗaya daga misalan Birtaniya na saka shi, ba tare da lambar shafi ta motsa ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An buga. Kwafi 15, shafi 26 kowanne. Asali naira 2,600, fotokwafi 18,200, ɗinki 10,500. Takardar bango guda uku da aka lulluɓe da roba, naira 2,400. Haruffa masu lanƙwasa sun fito daidai, sai dai tawadar shafi na 11 ta ɗan yi haske a wasu kwafin.

Gobe zan kai wa Baba nasa, in manna takardar bango ɗaya kusa da agogon ɗakin labarai, sauran in raba wa masu koyo ranar Asabar. Na roƙi edita ya riƙa ajiye mini duk fassarar da ya gyara a kan wannan matsala cikin watan azumi, ba tare da sunan mai ita ba, don in ga wane shafi ne bai yi aiki ba.

Abin da ya rage na zagaye na biyu, bayan salla: would have da could have, na abin da da an yi kaza da kaza ya faru, waɗanda na bari da gangan don babi ne mai zaman kansa. Sai kanun labarai masu kalmar Turanci "to", irin PM to resign. Zan kuma tambayi wani shagon farashin bugu da yawa, don masu fassara a wata tashar sun aiko suna neman kwafi goma.